Jar Mota Mai Kujera Biyu

"Kujera biyu gare ta," in ji Walƙiya. "Mu kuwa mu uku ne."

Gatari bai ɗago kai ba. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya a ƙuryar shagon facin da suke haɗuwa, yana goge bindigarsa da tsumma a hankali, kai ka ce ba da shi ake ba. Tun la'asar hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa. Iska ta tsaya cik, shagon sai warin roba da na gumi.

"Ni da kai a cikinta," ya ce can. "Jan-Ido ya biyo mu da bas ɗin da za ta kai mu. Tirela na jira a bayan gari. Mu tura ta ciki, a rufe, ta ƙetare iyaka. Mai saye ya ƙagu. Da sauran magana?"

"Ni ko a kan rufinta aka ɗaure ni na yarda," in ji Jan-Ido yana washe haƙora. Ba a banza ya sami sunan ba, ƙwaya ta riga ta gama da idanunsa. "In dai harka za ta faɗa, Baba, a wuce wurin."

Su ukun nan sun daɗe suna ta'asa tare. Gatari ke tsara aiki, Jan-Ido ke firgita mutane, Walƙiya kuwa nasa sitiyari ne. Bai taɓa harbin kowa ba, da wannan yake rarrashin zuciyarsa in ta dame shi, kamar wanda ya danne akuya zai ce ba shi ya yanka ba. Abin da ya iya shi ne gudu. 'Yan sanda sun sha shaƙar ƙurarsa, ba su taɓa ganin ƙeyarsa da kyau ba. Taƙamarsa ke nan: in aiki ya tashi, ƙafarsa ba ta san inda birki yake ba.

Wannan karon ba banki ba ne, ba shagon gwal ba. Mota ce. Tsohuwar motar tsere ƙirar Italiya, ja, wadda ta girmi Walƙiya nesa ba kusa ba. Wani tsohon matuƙin jirgin sama da ake kira Kyaftin ne ya sayo ta tana gawa, tsatsa ta cinye ta, ɓeraye sun yi gida a kujerunta. Bakaniken da ya yi shekaru yana tayar da ita, ya buɗa injin, ya ƙara masa kafireta, ya sake mata birki da salansa har ta fi yadda aka ƙera ta gudu, ba kowa ba ne illa yayan Walƙiya, uwa ɗaya uba ɗaya. A bakin Yaya ya ji labarinta, har da makunnin ɓoye da aka yi mata, wanda in ba a taɓa shi ba ko da makulli ba ta tashi. Shi kuma, don bakinsa ba ya riƙe magana, ya kwaso ya juye wa Gatari.

"Yayana," in ji Walƙiya. "Na faɗa tun farko, ina sake faɗa. Ba a taɓa shi. Ba ya ma ganinmu."

"Ka ce Asabar kaɗai yake zuwa gidan."

"Asabar kaɗai."

"Makunnin fa?"

"Zan lalubo shi. Na san hannun Yaya."

"To mu Laraba za mu shiga, da rana tsaka, unguwa ta watse aiki." Gatari ya tura harsasai cikin bindigar, ya yi murmushi.

Walƙiya ya sha ganin murmushin nan, bai taɓa ganin alheri ya biyo bayansa ba. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba rabon ne ya fi jansa ba. So yake ya tuƙa motar nan ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Ana gobe za a yi aikin, ya bi ta garejin Yaya don ya tabbatar. Ya tarar da ƙafafunsa kaɗai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin wata motar haya.

"Auta, kai ne? Miƙo min sifanar can."

Duk duniya Yaya kaɗai ke kiransa Auta. Da mahaifinsu ya rasu, Yaya ne ya bar makaranta ya shiga gareji, ya ciyar da shi, ya biya masa karatun da bai tsaya ya yi ba, ya koya masa tuƙi tun ƙafarsa ba ta kai totur da kyau ba. Har yau a saninsa ƙanensa direban wani kamfanin rarraba kaya ne.

"Gobe kana ina, Yaya?"

"Ina zan je? Ba ka ga aikin da ya binne ni ba?"

Walƙiya ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya tsuguna. "Ya Tsohuwa?"

Haka Yaya ke kiran motar Kyaftin. Da jin sunan ya turo kansa waje, fuskarsa ta washe kamar an tambaye shi lafiyar 'yarsa.

"Tsohuwa tana nan da ƙarfinta. Rannan muka fita da ita bayan gari, Kyaftin ya ɗan taka ta, sai ga dattijo yana dariya kamar yaro. Amma a cikin gari wahala ce. Mun sauke ta ƙasa don ta kama titi. Tsakanin kaskon baƙin mai da kwalta, da ƙyar tafin hannuna ke shiga. In ka zo tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, sai ka tsaya, ka hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Ka hau shi kai tsaye da gudu, ka fasa mata ciki."

"Motar tsere ce ake lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai? Ina amfaninta?"

"Shi ya sa ko a mafarki ba zan ba ka makullinta ba. Ƙafarka ta fi kanka sauri, tun kana ƙarami." Ya dungure masa goshi da yatsa, ya bar masa tabon baƙin mai. "Ka zo gida ka ci abinci. Yaran suna ta tambayarka, antinka ma ta ce ka yi arziki ka manta da mu."

"Zan zo."

"Kullum zan zo."

Ya tafi bai goge tabon ba. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun da ya shiga harkar nan. Amma kunyar ba ta kai ta mayar da shi baya ba.

Laraba ta zo, hadarin yana nan a sama ya yi baƙi ƙirin. Walƙiya ya tsayar da bas ɗin a gefen ƙofar gidan Kyaftin, ya yi hon. Maigadi ya leƙo, Gatari ya ce kaya aka aiko wa maigidan. Ƙaramar ƙofa ta buɗe. Kafin bawan Allah ya gama cewa sannunku, Jan-Ido ya kwaɗa masa gindin bindiga a ƙeya, ya zube.

Suka ja hulunan fuska. Walƙiya ya kashe bas, ya zare makullin ya jefa a aljihu, kamar yadda hannunsa ya saba.

Garejin yana gefen gidan, ƙofarsa a ɗage. Ga ta nan. Ja kamar jini, ta kwanta ƙasa-ƙasa, doguwar gaba, fitilunta zagaye. Ko a cikin duhun hadarin fentinta yana ɗaukar ido. Wani dattijo mai farin gashi yana zaune a kan kujera gefenta da kofi a hannu. Wani mutum kuma ya sunkuya a kan injin, ya ba su baya.

Walƙiya ya san bayan nan. A nan aka goye shi yana ƙarami.

"Kowa ƙasa!" Jan-Ido ya daka tsawa. "Ƙasa na ce!"

Kofin Kyaftin ya faɗi ya tarwatse. Yaya ya juyo, ya ɗaga hannu, sifana na riƙe a yatsunsa. Walƙiya ya damƙi hannun Gatari ya jawo shi gefe.

"Ka ce ba ya nan—"

"Kai ka ce. Ni na sa aka kira shi da safe, aka ce Kyaftin na nemansa." Gatari ya yi maganar ƙasa-ƙasa, ba ko ɗar. "Ka zaci zan tsaya kana lalube har 'yan sanda su iso? Tsohon nan ko yanka shi za a yi ba zai faɗi inda makunnin yake ba. Bakanike kuwa yana da 'ya'ya. Shiga mota. Ka rufe bakinka, ba zai gane ka ba."

Ya shiga. Me zai yi? Kujerar ta rungume shi, warin fata da na fetur ya cika masa hanci, sitiyarin katako ya zauna a tafinsa daidai. Abin da ya daɗe yana mafarki ke nan, ga shi ya samu, bakinsa sai ɗaci.

"Ina makunnin?" in ji Gatari.

"Ku ɗauki abin da kuke so a cikin gida," in ji Kyaftin daga ƙasa. "Wannan ba ta tashi."

Jan-Ido ya sa masa ƙafa a haƙarƙari. Dattijon ya dunƙule. Ya ɗaga ƙafar zai ƙara.

"Ku bar shi," in ji Yaya. "Don Allah ku bar dattijo. Zan nuna."

Aka rufe murfin injin, aka tura shi ɗaya kujerar. Ya sunkuya, ya zura hannu can ƙarƙashin gaban motar, wani abu ya yi ƙas. Gatari ya yi wa Jan-Ido alama ya je ya wangale babbar ƙofa.

"Tayar," in ji Gatari.

Walƙiya ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya kama, sannan ya saki wani gurnani da ya girgiza kwanon garejin. Ya taka kuloci, ya ɗora hannu a kan giya ya sa ta farko. A bayan hannun nan akwai tabon ƙuna, fari, mai faɗi. Salansa ce ta yi masa yana ƙarami, a garejin Yaya, kuma Yaya ne ya ɗauke shi da gudu ya kai shi wurin magani.

Yaya ya kalli hannun. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya dubi idanun da ke cikin hular.

"Auta?"

A hankali ya faɗa. Amma Gatari na tsaye a bakin ƙofar motar, ya ji.

"Na san za a zo nan," ya ce. Ya cafki wuyan rigar Yaya ya jawo shi rabi waje. Ba don tausayi ba, don kada jini ya ɓata fatar kujerar ne.

"Gatari, kar ka—"

Tau!

Walƙiya bai yi tunani ba. Hannunsa ya damƙi bel ɗin Yaya ya finciko shi ciki, ƙafarsa ta saki kuloci — motar ta yi tsalle! Ƙofar da ke buɗe ta make Gatari ta watsar da shi kan tulin tayoyi. Jan-Ido ya riga ya wangale babbar ƙofa, yana tsaye a tsakiya baki sake. Ya daka tsalle gefe da ƙyar. Harbi biyu suka biyo baya, ɗaya ya wuce ta saman rufi — sai titi!

Giya ta biyu. Ta uku. Gidaje suka zama layi. Bai taɓa tuƙa abu irin wannan ba. Kafin ya yi nufin kwana ta riga ta sha, kafin ya taka ta riga ta tafi. Ya fizge hular fuskarsa ya yar.

"Yaya, danne wurin. Danne da ƙarfi. Asibiti za mu."

Yaya ya jingina da ƙofar, hannunsa biyu a kan ciki, jini na bin tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta yi toka-toka.

"Kamfanin rarraba kaya," ya ce. "Ashe kayan mutane ake rarrabawa."

"Ka yi shiru, Yaya. Ka zage ni gobe."

Suka iso mararraba. Dama babban titi ne, shimfiɗaɗɗe, amma sai ya zagaye rabin gari kafin ya kai asibiti. Hagu titin makarantu ne, ya miƙe tsaf har ƙofar asibitin.

"Bi dama," in ji Yaya.

"Ya yi nisa."

"Auta, bi dama. Hagu akwai tudu."

Walƙiya ya dubi jinin da ya jiƙe kujerar, ya karya hagu. Duk rayuwarsa gajeriyar hanya yake bi, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ga tudun farko can, an shafa masa fenti fari da baƙi. Yana tahowa kamar an jefo shi.

"Tsaya," in ji Yaya, muryarsa da ƙyar take fita. "A karkace. Taya ɗaya—"

Ya ji. Wallahi ya ji. Amma ta yaya mutum zai taka birki ɗan'uwansa na zubar da jini a gefensa? Ya ƙara danna totur.

Ƙarau!

Ƙarar ta fito daga ƙarƙashinsu, ƙarfe a kan kankare. Motar ta tashi ta dire, Yaya ya yi wani nishi mai ciwo. Amma tana tafiya. Tana tafiya! Tudu na biyu — ƙarau! Wata jar fitila ta kama a gabansa. Allurar da ke nuna ƙarfin mai ta soma sauka. Warin baƙin mai mai zafi ya shigo ta ƙasa.

Yaya ya shaƙi warin, ya lumshe ido.

"Ka fasa ta," ya ce.

A can gidan Kyaftin kuwa, matar gidan ce ta kulle kanta a bene tun faɗuwar maigadi, ta kira 'yan sanda. Gatari da Jan-Ido suka ruga bas, suka tarar ba makulli. Yana aljihun Walƙiya. Suna kokawa da wayoyin sitiyari jiniya ta cika layin. Gatari ya ce ba za a kama shi da rai ba, ya fito yana harbi, aka kuwa cika masa burinsa a bakin ƙofa. Jan-Ido ya wurgar da bindiga ya kwanta yana kuka, tun kafin a tambaye shi ya soma ba da labari.

Sufeton da ya jagoranci aikin ya bar wasu a gidan, ya bi sahun jar motar shi da direbansa.

"Ranka ya daɗe, wahalar banza za mu yi," in ji direban. "Wannan ko jirgi muka hau ba ma cim mata."

Suka shiga titin makarantu. Bayan tudun farko sufeto ya ga wani baƙin layi a kan kwalta, ɗanye, yana sheƙi, ya miƙe gaba.

"Rage gudu," ya ce. "Kashe jiniyar. Bi layin nan kawai, ba inda za ta."

Injin ya soma ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙofa daga ciki. Walƙiya na ganin rufin asibitin can gaba, yana ganin farar katangarsa. Ya roƙi motar, ya zage ta, ya taka har ƙasa. Ta yi wani kuka mai tsawo, ƙarfe ya cije ƙarfe, tayoyin baya suka ƙame. Ta ja jiki ta tsaya a gefen titi, hayaƙi na fita daga gabanta.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Sauri ya haifi nawa.

Ya fito ya zagaya, ya ciccibo Yaya ya saɓa shi a baya. Mutane suka tsaya daga nesa suna kallo, ba wanda ya matso. Wa zai matsi mutumin da jini ya wanke? Ruwan da aka daɗe ana jira ya soma ɗigowa, manya-manya. Ya sa gudu, Yaya na masa nauyi, numfashinsa na dukan kunnensa.

"Ga shi can, Yaya. Mun iso."

"Kyaftin... yana da rai?"

"Yana da rai."

"To. Kar ka bari yaran su ji kai ne."

"Ba za su ji ba. Riƙe ni da kyau."

"Ba ka taɓa jin magana ba, Auta."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da ya fi sauƙi. Hannun da ke rataye a wuyan Walƙiya ya saki. Nauyin da ke bayansa ya sake, ya zama wani iri. Ya sani, amma bai tsaya ba, ya ci gaba da gudu yana magana, yana ba shi labarin abincin da zai zo ya ci, har ya faɗa ƙofar asibitin a kan gwiwoyinsa.

Ma'aikata suka zo da gado. Wata malamar asibiti ta taɓa wuyan Yaya, ta ɗaga fatar idonsa, ta dubi abokiyar aikinta. Ba su yi gaggawar tura gadon ba.

Yana durƙushe a wurin sufeto ya iso, a ƙafa, ba ko bindiga a hannu. Walƙiya ya miƙa hannayensa da kansa. Da aka sa masa ankwa, sufeto ya waiwaya ya dubi jar motar can a gefen titi, ruwa na dukanta, sannan ya dube shi.

"Me ya kai ka titin makarantu? Da irin wannan motar, ta babban titi ai da tuni ka iso."

Walƙiya ya juya ya dubi gadon da Yaya ke kwance.

Gatari ya tafi, ba wanda ya zo neman gawarsa. Jan-Ido ya faɗi duk abin da ya sani, har da wanda bai sani ba. Yaran Yaya sun ji, a rediyo ma suka ji, kafin gari ya waye. Kyaftin ya warke, ya sa aka jawo masa motarsa aka lulluɓe da tamfol. Kanikawa sun yi ta zuwa suna cewa za su iya tayar da ita, ya ce a bar ta, mai ita ya mutu.

Ranar da aka yanke wa Walƙiya hukunci, motar gidan yari ta bi da shi ta titin makarantu. Ta 'yar tagar ƙarfe ya ga baƙin layin yana nan a kan kwalta, ruwa bai wanke shi ba. Direban wani dattijo ne mai sanyin hannu. Da suka zo tudun farko ya taka birki, ya karkata, ya hau shi a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. Ko kafaɗar Walƙiya ba ta motsa ba.

Ya kifa kansa a kan ankwar, ya fashe da kukan da bai yi ba tun ranar.